Giya ce ta hana ni dawowa gida

Ranar Lahadi na ari tsohuwar Corolla ta kawu, irin hom yus ɗin nan ta 2003, wai zan je biki a Aboabo cikin Kumasi. Gaskiyar magana akwai wata yarinya da nake so ta gan ni ina fitowa daga mota, tunda kullum a piragiya, wato keke mai ƙafa uku, take ganina.

Na yi fakin daidai ƙofar gidan wani Alhaji, na bar rediyo da fitila a kunne don a san na iso, na shige rumfa ina ta loda shinkafa. Bayan la'asar aka zo nemana, Alhaji zai fita. Na murɗa makulli, shiru. Batir ya mutu murus! Na ce to a tura mana, na ja giya ta ƙi barin P, na taka birki na sake ja kamar an kafe ta da siminti. Samari shida suka tuɓe manyan riguna suna ta nishi, motar ko gezau, Alhaji na tsaye da carbi yana mini kallon da ya fi zagi ciwo.

Sai na kira kawu, na ce Kawu ku yi haƙuri giya ce ta hana ni dawowa. Ya yi salati ya ce, "Kai Ɗanladi, yaushe ka fara sha?" Kafin in yi bayani ya kashe, ashe ya kira Umma.

Can wani ɗan yaro mai koyon fita, wato gyaran mota, a Suwame Magazin, unguwar makanikai, hannu duk baƙin mai, ya ce Yaya ba ni makullin. Ya ɓamɓare wani ɗan murfi da bai fi farce ba a gefen sandar giya, ya zura makulli ya danna, ya ja ta dawo N sumul. Wai idan babu wuta a batir, abin da ke sakin giyar in ka taka birki ba ya aiki, shi ya sa masu ƙera motar suka bar wannan ramin. Ya ce in ja birkin hannu tukuna, ni kuwa lokacin ina waigen ko yarinyar na kallo, ban ji ba.

Aboabo kuma kun san akwai gangara. Motar ta kama hanya babu kowa a ciki, ni da malum-malum ina bin ta ina kiran tsaya, kamar tana da kunne, har ta tsoma ƙafar gaba a kwata kusa da mai koko.

Da muka ciro ta na ce to yanzu a tura ta tashi. Yaron ya yi dariya ya ce otomatik ba ta tashi da turi Yaya, sai an kawo waya an haɗa da wani batir. Sidi 50 na ba shi. Yarinyar ta wuce ni a piragiya tana ɗaga hannu, ina isa gida kuma na tarar Umma ta riga ta kira Malam ya zo yi mini nasiha a kan shaye-shaye.