Kafin ka yankar wa Hajiya tikitin zuwa Ingila

Daren jiya an sake jefo saƙon neman taimako a zaurenmu na WhatsApp. Wani ɗan'uwa ya kawo surukarsa daga gida don ta taya matarsa jego. Sati uku da saukarta ta yanke jiki ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta ya shanye. An kwantar da ita, an yi mata duk abin da ya kamata, kuma alhamdulillahi tana samun sauƙi. Sai ga takardar kuɗi daga asibiti, dubban fam. Abin da yake ta maimaitawa a waya shi ne, "Wallahi na ɗauka asibiti kyauta ne a ƙasar nan." Na ba da abin da ya sawwaƙa, amma na kwana da abin a raina, domin ni ma haka na ɗauka shekarar da na zo.

Asibiti a Birtaniya ba kyauta ba ne ga baƙo. Tun watan Afrilu na 2015 duk wanda zai zauna fiye da wata shida sai ya biya kuɗin lafiya da ake kira IHS tare da kuɗin biza. Da fam 200 a shekara aka fara, ɗalibai 150. Daga Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035 ga babba, 776 ga ɗalibi ko yaro. Magidancin da ya samu bizar aiki ta shekara uku, da matarsa da yara biyu, zai ajiye fam 10,866 a dunƙule tun bai hau jirgi ba. Masu bizar aikin lafiya da kula da tsofaffi na cikin waɗanda aka ɗauke wa. Wanda ya sayar da fili a Kano ko Kaduna ya biya wannan kuɗi ba laifinsa ba ne idan ya ji a ransa cewa ya gama da maganar asibiti har abada. Amma kuɗin nan sunan mutum yake bi. Wanda aka biya wa shi kaɗai ya rufe, bai rufe uwarsa ba, bai rufe surukarsa ba.

Kai da ka biya ma akwai sauran abin da za ka cire daga aljihu. Ganin likitan unguwa, wato GP, da kwanciya a asibiti da tiyata da haihuwa duk sun shiga ciki. Magani kuwa a Ingila fam 9.90 ne kowane guda da likita ya rubuta, kodayake a Sikotilan da Wales da Ayalan ta Arewa ba a biya. Haƙori akwai kuɗinsa, in ma ka dace da likitan haƙorin da ke karɓar sababbin marasa lafiya a tsarin gwamnati, abin da a garuruwa da yawa sai an sha yawo. Gwajin ido da tabarau su ma galibi naka ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne akwai sassauci, mutanenmu ba sa nema. Mai juna biyu tana da takardar da ke ɗauke mata kuɗin magani da na haƙori har shekara ɗaya bayan haihuwa. Mai ciwon suga da ke shan magani yana da tasa. Mai hawan jini ba a ɗauke masa ba, amma zai iya sayen takardar biyan kuɗin magani na shekara guda a kan fam 114.50, ya karɓi duk abin da aka rubuta masa. Ɗalibin da hannunsa bai kai ba ya cike fom ɗin HC1, na neman sassauci ga masu ƙaramin ƙarfi. Na ga mai shan magani kala huɗu kowane wata yana biya ɗaya bayan ɗaya har kusan shekara biyu, don babu wanda ya gaya masa.

Ana yawan tambayata ko sabon zuwa ya sayi inshorar asibitin kuɗi saboda dogon layi. Layin gaskiya ne, a 2023 jerin masu jiran aiki a asibitocin Ingila ya haura miliyan 7. In wurin aikinka ya ba ka ita, karɓa da hannu biyu. In daga albashinka za ka cire, ban ga gaggawarta ba, tunda galibinsu ba sa ɗaukar ciwon da ka zo da shi, ba sa ɗaukar haihuwa, kuma ranar da abu ya yi tsanani asibitin gwamnati motar ɗaukar marasa lafiya za ta kai ka.

Inshorar da nake roƙon kowa da ita ita ce ta iyayen da muke kawowa ziyara. Mai bizar ziyara ba ya biyan IHS, ko yana so ba za a karɓa ba. Zai iya ganin GP kyauta, kuma sashen gaggawa ba ya karɓar ko kwabo. Wannan ne ke ruɗar mutane, sai wani ya ce ai ya kai babansa an duba shi ba a ce ya kawo komai ba. Gaskiya ne, domin ba a ba shi gado ba. Da zarar an wuce da mutum ɗakin kwanciya lissafi ya fara, kuma a Ingila baƙo yana biyan kuɗin aikin da ƙarin rabinsa a kai, aikin fam 100 ya zama 150. Ba za a bar mutum ya mutu don ba shi da kuɗi ba, za a yi masa aikin ceton rai, takarda ta biyo baya. Bashin da ya kai fam 500 kuma ya yi wata biyu ba a biya ba, ba a kuma daidaita yadda za a biya ba, ana miƙa shi ga ma'aikatar cikin gida, ana iya hana mutum biza nan gaba saboda shi. Ka ga Hajiya ta koma gida da ciwo, ga bashi, ga ƙofar zuwa ganin jikokinta ta rufe.

Su waye muke kawowa? Dattawa ne 'yan shekara sittin da saba'in, yawancinsu da hawan jini ko suga, wasu ba su ma san suna da shi ba. Mu ɗauko su daga zafin Sakkwato, su yi awanni a zaune cikin jirgi, mu sauke su cikin sanyin Disamba, sannan mu miƙa musu jariri da ɗawainiyar dare. Muna kashe kuɗin biza da tikiti da tsaraba ba tare da ƙorafi ba, amma inshorar tafiya da ba ta kai kuɗin tikitin ba sai mu ce a bari, Allah zai kiyaye.

Na san abin da ke hana wasu. Akwai malaman da suka yi magana a kan inshorar kasuwanci saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, da kuma riba, kuma ba na raina wannan damuwa. Amma akwai takaful, wato inshorar Musulunci, kamfanoninsa suna aiki da lasisi a Najeriya, a tambaye su abin da suke da shi na matafiya. Asalinsa taimakekeniya ne, irin abin da Manzon Allah (SAW) ya yaba wa Ash'ariyyawa a kansa, da suke tara ɗan abincin da ya rage musu a mayafi ɗaya su raba daidai idan guzuri ya yi ƙaranci. Karo-karon da muke yi a zaure bayan abu ya faru shi ma taimakekeniya ne, sai dai yana zuwa a makare, yana faɗawa kan ɗalibai masu aikin dare, kuma sai an tona asirin gidan mutum a gaban jama'a kafin a tara.

In za ka saya, saya tun tana gida, domin yawancin kamfanoni ba sa sayar wa wanda ya riga ya baro ƙasarsa. Ka kai ta a auna jininta da sugarta kafin tafiya. Ka faɗi duk ciwon da take da shi a fom ɗin ko da kuɗin zai ƙaru, saboda ɓoye hawan jini shi ne hanya mafi sauƙi da kamfani zai ƙi biya ranar da aka kwantar da ita. Ka duba ko kwanakin sun kai tsawon zamanta, tunda jegon da aka ce wata biyu yakan kai biyar. Ka duba ko akwai kuɗin mayar da mara lafiya gida. Ta taho da magungunanta cikin kwalayensu tare da takardar likitanta.

Ɗan'uwan nan namu na gaya masa ya je ofishin da ke kula da baƙi marasa lafiya a asibitin, ya nemi a raba masa kuɗin wata-wata kafin wata biyun su cika, kada ya jefa takardar a durowa don tsoro. Ya ce gobe da safe zai je, ni kuma zan raka shi. Allah Ya ba Hajiya lafiya.