Wata Shida Ba Za Su Share Hawayen Irin Su Efobi Ba

Tun da gwamnatin Labour a Birtaniya ta fito da shirin mayar da wa'adin shigar da ƙara a kotun ƙwadago daga wata uku zuwa wata shida, ake ta yi mata sambarka, sai ka ce an gama da wariyar launin fata a wuraren aiki. Wannan murnar ce ke ba ni takaici, domin an bar jaki ana dukan taiki. Wanda aka hana aiki saboda launin fatarsa, abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne hujja, ita kuwa tana kulle a ofishin kamfanin da ya hana shi aikin.

Ku tuna da Ike Efobi, haifaffen Najeriya mai raba wasiƙu a kamfanin Royal Mail. Mutum ne mai takardun ilimin kwamfuta, ya nemi muƙami sama da 30 a cikin kamfanin tsakanin 2011 da 2015, ko ɗaya bai samu ba. Da ya je kotu shi kaɗai ya tsaya, ba lauya. Kamfanin bai kawo ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka ture takardunsa gefe ba, sai manajoji biyu da suka zo bayanin yadda ake ɗaukar ma'aikata. To wa zai tambaya ko ganin sunansa ne ya sa aka tsallake shi? Kotu ta ce bai kawo hujja ba. Ya yi nasara a ɗaukaka ƙara a 2017, kotu ta gaba ta rushe nasarar a 2019, Kotun Ƙoli kuma ta rufe maganar a 2021, ta ce ko a ƙarƙashin dokar daidaito ta 2010, mai ƙara ne zai fara nuna alamun wariya kafin a nemi kamfani ya wanke kansa.

Ita ɗaukaka ƙarar ma mutane ba su fahimce ta ba. Kwana 42 ake ba ka, kuma kuskuren doka kawai ake dubawa. Ba a sake sauraron shaidu. Abin da talaka ya kasa tonowa a zaman farko, yana fuskantar gogaggen lauyan kamfani, ya tafi ke nan.

Abin haushin shi ne da akwai magani, da gangan aka zubar da shi. Kafin watan Afrilun 2014, ma'aikaci na da ikon aika wa kamfani takardar tambayoyi bisa doka: wa kuka ɗauka, wane launi ne, da me ya fi ni? In kamfani ya yi gum har mako takwas, ko ya yi ta kwana-kwana, alƙali na iya ɗaukar hakan a matsayin alama. Gwamnatin David Cameron ta soke wannan, wai yana wahalar da 'yan kasuwa. Ita ce dai ta ƙaƙaba kuɗin shigar da ƙara har fam 1,200 a 2013, sai da ƙungiyar ƙwadago ta Unison ta kai ta Kotun Ƙoli aka soke shi a 2017.

Masu cewa ƙararrakin banza za su yi wa kamfanoni yawa, su fara gaya mana ma'aikata nawa ne ke da ƙarfin yin shekaru suna zaryar kotu don nishaɗi.

'Yan uwanmu da yawa na can suna aikin jinya da kula da tsofaffi, wasu ma bizarsu na hannun mai ba su aiki. A dawo musu da takardar tambayoyin nan. Kamfanin da ya ɓoye wanda ya yanke shawara kuma, a lissafa ɓoyewar cikin hujjojin da ke kansa.