Layin 988: kai rahoto kaɗai ba zai hana kutse ba

Na ga wani labari kan dokar da aka gabatar a majalisar Amurka don kare layin 988, lambar wayar da masu tunanin halaka kansu ke kira domin neman taimako, daga kutsen kwamfuta. Masu cewa 'yan majalisar Amurka sun rasa aikin yi ne, ku tuna da Disambar 2022. Masu kutse suka afka wa kamfanin Intrado, wanda ta hannunsa kiran layin 988 ke bi a lokacin, layin ya ɗauke na sa'o'i da dama, ko wata biyar bai cika da buɗewa ba. Wanda ya buga waya cikin dare yana tunanin halaka kansa, ya ji shiru, ba zai tsaya laluben wata lamba ba. Don haka dokar tana kan hanya madaidaiciya. Amma inda nake da ja, labarin ya nuna kamar an gama magana, alhali ƙarfin dokar yana wajen tilasta sanar da hukumar SAMHSA ne, mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da matsalar shaye-shaye a Amurka, idan an gano ɓaraka ko an yi kutse. Cibiyoyi sama da 200 ke amsa kiran nan, da yawansu ƙanana ne masu dogaro da tallafi da 'yan sa-kai. Wa zai biya musu ƙwararrun tsaron kwamfuta? Kuma in aka sace sirrin da mutum ya faɗa yana kuka, shi za a sanar da shi, ko hukuma kawai?