Jirgin Zero da ran wanda ke cikinsa

Duk lokacin da na ji ana koɗa jirgin yaƙin Japan mai suna Zero, wai babu kamarsa wajen juyi a sama, sai raina ya sosu. Ba musu, a Yaƙin Duniya na Biyu, a 1941 da 1942, ya gasa wa jiragen Amurka da Ingila aya a hannu. Amma da me aka sayi wannan rashin nauyin nasa? An ƙera shi babu sulken ƙarfe a bayan kujerar matuƙi, tankin mansa kuma ba ya toshe kansa in harsashi ya huda shi. Harbi kaɗan, wuta ta tashi, ga ɗan mutane a ciki.

Ku dubi Saburo Sakai, wani gwanin matuƙin Zero. Ranar 7 ga Agusta 1942, a sararin tsibirin Guadalcanal da ke tekun Pasifik, ya far wa wasu jiragen Amurka ta baya, ashe masu jefa bam ne, kowanne da maharbi a kujerar baya. Harsashi ya same shi a kai. Idonsa na dama ya daina gani, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da hannu ɗaya ya riƙe jirgin, yana share jini da ɗan mayafin wuyansa, suma na fizgarsa, teku ta ko'ina. Kusan awa biyar yana haka, tafiyar sama da kilomita 1,000, kafin ya sauka sansaninsu da ke Rabaul. Da ya sauka ma sai da ya ba shugabansa rahoto kafin ya yarda a duba shi.

Wannan jarumta ce, ban ja ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda manyansu suka yi wasa da irin waɗannan mutane. Amurka takan janye gwanayenta su koma gida su koyar da sababbi. Japan kuwa ta bar nata a fagen fama har suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. A Yunin 1944, a yaƙin tekun Filifin, yara sababbin hannu aka tura, aka kakkaɓo jiragensu ɗaruruwa. Shi kansa Sakai an mayar da shi faɗa a tsibirin Iwo Jima da ido ɗaya. Zuwa Oktoba sai aka koma tura matasa su afka wa jiragen ruwa da jirginsu da ransu.

Sakai ya tsira. Bayan yaƙi ya buɗe ɗan wurin ɗab'i, ya yi alkawarin ba zai ƙara kashe wani mai rai ba, ko da sauro ne. Ya rasu a 2000.