Mahauci ke asara, amma ciwon a fadama aka kwaso shi

Jama'a, ni dai ina ganin ana zaluntar mahauta a maganar tsutsar hanta. Mutum ya ci bashi ya sayi sa a Potiskum ko Maigatari, ya biya dillali, ya biya mota. A kwata likitan dabbobi ya tsaga hanta, ya matsa jijiyoyin da suka yi kauri suka yi fari, sai ga tsutsa fala-fala kamar ganye, wata ta kai santimita 5 ko fiye. Shi ke nan, an hana sayarwa. Hanta kuwa ita ce mai tsada a kayan ciki, masu tsire ma rububinta suke.

Likita bai yi laifi ba, aikinsa ke nan. Amma wa ke biyan mahaucin? Babu. To don me za mu yi mamaki in wani ya koma yanka a bayan gida, ya yanke wurin da ya ruɓe ya sayar da sauran?

Ita wannan tsutsa, Fasciola gigantica, ba ta wucewa daga saniya zuwa saniya kai tsaye. Ƙwanta na fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin wata 'yar katantanwa, daga nan 'ya'yan su fito su manne a ciyawa. Da rani, inda duk garke ke taruwa a fadama, bakin dam ɗin Tiga ko dausayin Hadejia zuwa Nguru, nan ake kwasarta. Wata 3 zuwa 4 ta balaga a hanta. Makiyayi dai ya ga saniyarsa na ramewa, nono ya ragu, ƙarƙashin haɓa ya kumbura, sai ya kai ta kara ya rabu da ita.

Abin da aka gani a kwata ba ya komawa ruga. Likita ya rubuta a littafi, littafi ya kwana a ofis. Ai Sarkin Pawa ya san kasuwar da shanun suka fito, dillalai sun san masu su. Da a ce ana aika musu saƙo, ana kuma gaya musu albendazole manyan tsutsa kawai yake kashewa, triclabendazole ne ke kama har ƙananan, da kuɗin maganinsu bai riƙa tafiya a banza ba.

Su kuma masu tsoron cin hanta, mutum ya fi kamuwa ta ɗanyen ganyen bakin ruwa da shan ruwan kududdufi. A wanke latas ɗin lambu sosai.