Ba ƙaton inji ne ke sa waɗannan motoci gudu ba

Da yawa idan suka ji wani ya harhaɗa motar tsere da hannunsa a gareji, sai su ɗauka lallai ƙaton inji ya cusa mata. Ba haka abin yake ba. Irin motocin nan da ake sayarwa gunduwa-gunduwa, mai ita ya ɗaure da kansa, rashin nauyi ne makaminsu.

Dubi motar Lotus Seven da Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, ya fitar a Ingila a 1957. Ɗan ƙaramin injin Ford ne a cikinta, irin na motar gida. Ƙashin jikinta siraran bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda, aka lulluɓe da alminiyam. Ba ƙofofi, kujeru biyu kacal, direba na zaune dab da kwalta, gwiwar hannunsa a waje. Kamfanin Caterham da ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973 yana da wani samfurinta mai suna Seven 170, mai nauyin kilo 440 da injin Suzuki mai cc 660. Motar gida ta ninka ta nauyi sau biyu ko uku, amma wannan 'yar mitsitsiya daga tsaye tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 7 ko kusa da haka.

Riba ba ta tsaya a gudu ba. Birki da tayoyi ba sa saurin cinyewa, kwana kuwa kamar wasa. Wanda ya ɗora mata inji mai nauyi, gaba ya rinjaya, sai ta riƙa yi masa gardama a kwana. Shi ya sa za ka tarar da mai ita ranar hutu, sifana a hannu, yana cire safaya taya ko yana sauya batir da ƙarami, wai don ya rage 'yan kilo.