Barkwancin Florence: a jikin wa yake ƙarewa?

Masu cewa tsofaffin labaran barkwanci na Italiya raha ce zalla, ina jin ba su bi su har ƙarshe ba. Ku ɗauki Decameron, wanda Giovanni Boccaccio ya rubuta bayan annobar 1348. Mata 7 da samari 3 sun tsere daga Florence, suna rage zare da labarai 100 cikin kwana 10. Rana ta 8 kacokan ta shirya wa juna gadar zare ce.

A nan ake haɗuwa da Calandrino, mai zane, wawan da abokansa Bruno da Buffalmacco suka mayar abin wasa. An ce masa akwai wani dutse a rafin Mugnone, duk wanda ya riƙe shi ya ɓace, kamar dai layar zana. Gogan naka ya cika riga da duwatsu. Abokan suka yi kamar ba sa ganinsa, suna ta jifansa a dunduniya da gadon baya, shi kuwa ya danne zafi don kada asiri ya tonu. Wallahi wurin akwai dariya. Amma da ya isa gida matarsa Tessa ta gan shi ta yi masa magana, sai ya ce ita ta karya lagon dutsen, ya rufe ta da duka. Ita me ta yi? Bruno da Buffalmacco ko ƙwarzane ba su samu ba.

Labarin Rinieri ya fi ci mini rai. Ɗalibi ne da ya yi karatu a Paris, ya faɗa son wata bazawara, Elena. Ta shanya shi a tsakar gida cikin dusar ƙanƙara har gari ya waye, ita da saurayinta suna leƙensa ta taga suna ƙyaƙyatawa. Ta yi mugunta, ba musu. Da saurayin ya guje ta, ta nemi Rinieri ya yi mata asirin da zai dawo da shi. Ya sa ta hau wata tsohuwar hasumiya tsirara, ya janye tsani, ya bar ta wuni guda a ranar watan Yuli. Fata ta tsattsage, ƙudaje suka yi mata caa, ta roƙi ruwa ya hana. Yana daga ƙasa yana zuba mata doguwar lacca, irin ta mai ilimin da aka taɓa wa girman kai.

Wasu za su ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ita ta fara. Na ji. To kuyangarta fa? Wajen saukowa daga hasumiyar tsani ya kwashe ta, ta faɗo ta karye a cinya. Da labarin ya kai ga Rinieri, sai ya ga ramuwarsa ta cika, hankalinsa ya kwanta.